ABU ko Jami'ar Jos? Amsa ga Hajiyar da 'yarta ta ci 236

Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah ya yi wa yarinya albarka. Kin ce ta ci 236 a jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, likitanci take nema a ABU Zariya, kina tambaya ko a bar ta a can ko a mayar da ita Jami'ar Jos. Amsata a taƙaice: ki mayar da ita Jami'ar Jos, ki kuma zaunar da ita ku sake shawara kan kwas ɗin. Maki 236 a JAMB ba abin rainawa ba ne. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, cikin yara kusan miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba cikin 400. To kin ga 'yarki ta yi abin a yaba mata. Amma likitanci a ABU Zariya wani fage ne daban. Masu 280 da masu 300 ne ke cunkoso a ƙofar, kuma ko cikinsu ana barin wasu a waje.

Dalilin kuwa ba ƙeta ba ce. Majalisar da ke kula da aikin likitanci da haƙori ta Najeriya ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitanci da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Ko yara dubu nawa suka nema, kujerun ba sa ƙaruwa. Shi ya sa nake roƙon iyaye su daina ruɗuwa da mafi ƙarancin makin da ake sanarwa bayan taron JAMB, wato 140 a 2024 da 150 a 2025. Wannan makin shiga layi ne kawai. Kowane sashe yana da nasa ma'aunin, kuma na likitanci ne kan gaba a tsauri kusan ko'ina.

Abin da ya fi jan hankalina a saƙonki shi ne da kika ce takardar asalinta ta Wase ce, a jihar Filato. Wannan takardar ta fi ƙarin maki goma amfani. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin 100 na zallar cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. A kason farko 'yarki za ta kara da yaran ƙasar nan kaf, har da na Legas da Anambra. A kaso na biyu ne gida yake rana. A Jami'ar Jos, 'yar Filato tana tsakar gidansu. A ABU kuwa, daga Sakkwato har Maiduguri kowa gani yake tasa ce, tun da Sardauna ya kafa ta a 1962 haka abin yake, don haka ko a kason yanki taron ya fi yawa. Kuma ga sauran 'yan uwa da ke karantawa, jihar da aka cike a fom ita ake dubawa, ba garin da aka haifi yaro ba. Yaranmu da yawa an haife su a unguwannin Jos irin Gangare ko Dilimi amma takardarsu ta Kano ce ko Bauchi. Kowa ya duba abin da ya rubuta kafin ya yi lissafi.

Ni 'yata ta biyu a Jos ta yi, kuma har gobe ina gode wa Allah da wannan zaɓi. Ita ma likita take son zama tun tana firamare, har da 'yar farar rigarta ta wasa. Makinta bai fi na 'yarki da komai ba. Daren da na ce mata mu canza zuwa kwas ɗin gwaje-gwajen asibiti, wanda yara ke ce wa med lab, ko tuwo ba ta ci ba. Mahaifiyarta ta kwana biyu tana lallashi. Aka canza, sunanta ya fito a wannan shekarar. Muna Anguwar Rogo, harabar jami'ar ta titin Bauchi tana bayan gidanmu, da ƙafa take tafiya. Ranar da darasi ya kai ta harabar Naraguta, kuɗin keke ne kawai. Ina tuna ta da asubahin Disamba, sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, ta rufa da mayafi biyu, uwar ta zuba mata kunun gyaɗa a fulas, tana tafe tana bitar takarda. Ban biya kuɗin ɗaki ba, ban aika buhun shinkafa ko galan ɗin mai ko'ina ba. Lokacin rikicin watan Agustan 2021 da aka rufe makarantar, gwamnatocin jihohi suna turo motoci suna kwashe yaransu, tawa tana ɗakin uwarta tana yanka alayyahu. Wanda bai taɓa ajiye 'ya mace a wani gari ba ba zai san girman wannan kwanciyar hankali ba.

Da ta fara zuwa asibitin koyarwa na Lamingo ne ta daina zancen likitanci. Wata rana ta dawo tana ba ni labarin yadda ta gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗigon jinin wani yaro ta madubin awo, idonta har ƙyalli yake. Ta ce, "Baba, likitan ma sai da ya jira takardata kafin ya rubuta magani." Kwas ne na shekara biyar, yajin aikin malamai na wata takwas a 2022 ya ƙara musu lokaci, kamar yadda ya ƙara wa na Zariya da sauran jami'o'in tarayya. Sai dai kada ki ɗauka shi ma banza ake samunsa. Shi da aikin jinya da harhaɗa magunguna duk ana rububinsu, domin duk wanda likitanci ya kayar can yake faɗawa. Da 236 da takardar Filato tana da abin faɗa a nan, musamman in sakamakon WAEC ko NECO ɗinta ya yi kyau. In kuma ana son abin da ya fi tabbas, akwai nazarin ƙananan halittu da sauran kwasa-kwasan kimiyya.

ABU dai babbar makaranta ce, ba mai musun haka, kuma wanda ya fito daga asibitin koyarwarta na Shika ana girmama takardarsa. In da 290 ta ci, da ni zan ce ki ɗaure mata akwati ku kama hanyar Saminaka. Ba ta ci ba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma ba zan iya yin shiru a kansa ba, don ni ya ci. Babban ɗana shekara biyu ya yi a gida yana bin likitanci a wata jami'a da ba sai na kira sunanta ba. Laifina ne, ni na nace. A shekara ta biyu wani mutum ya same ni bayan sallar Juma'a, da katin aiki rataye a wuya, ya ce yana da hanya a ofishin ɗaukar ɗalibai, akwai gurbin wani babba da ba a cike ba. Naira dubu 150 na ba shi, a biya biyu, kuɗin da na tara don gyaran rufin ɗaki. Har takarda ya kawo mini mai tambari da sa hannu. Muka kai ta wurin rajista, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta ɗago ta dube ni da tausayi, ta ce sunan yaron bai taɓa shiga ba. Lambar mutumin tun ranar ba ta ƙara shiga ba. Kuɗin bai dame ni kamar fuskar yaron a cikin mota muna dawowa ba, da jakarsa a cinya.

Lokacin ɗaukar ɗalibai ne kakar irin waɗannan 'yan damfara. Suna Facebook, suna WhatsApp, suna zaune a bakin shagunan intanet. Wani zai ce zai ƙara wa yarinya maki, wani zai ce yana da gurbin shugaban jami'a. Tun 2017 duk gurbin gaskiya ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi: jami'a ta gabatar da suna, JAMB ta amince, yaro ya shiga shafinsa da kansa ya karɓa. Abin da bai fito a nan ba, babu shi. Ko da an saka yaro aji ta bayan gida, ranar tafiya bautar ƙasa asiri zai tonu, don sunansa ba ya cikin rajistar JAMB. Kada ki ba kowa lambar sirrinta, kuma layin wayar da ta yi rajista da shi ya zauna a hannunku, kada a bar shi a shago.

Ki kai ta cibiyar da JAMB ta amince da ita cikin makon nan, a sa Jami'ar Jos a zaɓin farko, domin jami'o'in da ake rububi ba kasafai suke waiwayar wanda ya sa su na biyu ba. A tabbatar an ɗora sakamakon sakandarenta a shafin JAMB, da kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Yara da yawa masu maki mai kyau sun rasa gurbi saboda wannan ɗorawar kaɗai. Sannan a sa ido kan sanarwar tantancewar jami'ar a shafinta na intanet, kada fom ya rufe kuna jiran labari daga bakin maƙwabta. In jami'ar ta miƙo mata wani kwas ta CAPS, ku zauna da mahaifinta ku duba kafin ta danna ƙin karɓa.

In kuma kun yi magana ta ce ita likitanci ko ba komai, to a yi mata adalci: shekara ɗaya, darasi na gaske, ta sake zama da niyyar haura 280. Ɗaya tak, Hajiya, ba biyu irin tawa ba. Amma ki fara kai ta Lamingo ta ga masu aikin ɗakin awo da idonta tukuna.