Akwatin siffofi na kanti ko kayan gida: wanne ya fi koya wa yaro rarrabe abubuwa?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya cika shekara uku, kina so ki fara koya masa ware abubuwa rukuni-rukuni, kuma kina tambaya ko ki sayi akwatin roban nan mai ramuka da ake sayarwa a kanti, ko kuwa kayan cikin gida sun wadatar. Abubuwan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa ya kamata a dube su ɗaya bayan ɗaya.

Amfanin akwatin kanti shi ne yana gyara wa yaro kuskurensa da kansa, domin mai kusurwa uku ba zai shiga ramin da'ira ba komai turawar da aka yi masa. Wannan tunani ya yi daidai da na Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, wadda ta tsara kayan koyarwarta yadda yaro zai gane kuskurensa ba tare da babba ya tsawata masa ba. Ga ɗan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, akwatin yana horar da ido da yatsu sosai. Sai dai kowane abu a cikinsa rami ɗaya ke gare shi, amsa ɗaya tak, kuma da zarar yaro ya haddace ta, wasan ya ƙare. Abin da yake koya a nan shi ne dacewar abu da gurbinsa, wanda mataki ne na farko kawai.

Kayan gida kuwa, irin su cokula, ludayi, kofuna, safa da takalman 'yan gida, kowannensu yana ɗauke da siffofi da yawa a lokaci guda. Kofi ɗaya yana iya zama ja, na roba, kuma ƙarami, saboda haka yau za a ware kayan bisa launi, gobe bisa girma, jibi a raba na ƙarfe da na roba. Sauya ƙa'idar nan ita ce ainihin darasin, kuma akwatin kanti ba ya iya bayar da ita. Amma kada ki yi gaggawa a kanta. Masanin halayyar yara Philip Zelazo yana da wani sanannen gwaji na katuna masu hoton zomo da jirgin ruwa, ja da shuɗi, inda ake sa yaro ya ware su bisa launi, sannan a ce ya koma warewa bisa siffa. Yawancin 'yan shekara uku suna ci gaba da bin tsohuwar ƙa'ida ko da sun iya faɗin sabuwar da bakinsu, yayin da 'yan shekara biyar suke sauyawa ba wahala. Idan ɗanki ya yi haka, ba taurin kai ba ne, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne.

Wani fifikon kayan gida shi ne suna buɗe hira. Idan yaro ya ajiye cokali kusa da kofi maimakon cikin sauran cokula, kafin ki gyara masa ki tambaye shi dalili. Mai yiwuwa ya ce da su ake shan koko, kuma wannan ma rarrabewa ce mai hujja. Abin da ba zai kama ba tukuna shi ne shigar ƙaramin rukuni cikin babba. Wani masanin halayyar yara, Jean Piaget, ya nuna cewa yara ba su cika fahimtar wannan ba sai wajen shekara bakwai zuwa takwas: a nuna wa yaro awaki biyar da tumaki biyu, a tambaye shi ko awaki ne suka fi yawa ko dabbobi, sai ya ce awaki.

Ta fuskar haɗari, akwati mai inganci ya fi kwanciyar hankali, tunda an yi guntayensa manya da gangan. Wake, gyaɗa, gurjiya, tsabar kuɗi da marafan kwalbar lemo suna da daɗin warewa, amma suna iya shaƙe yaro, wake kuma idan ya maƙale a hanci ko kunne kumbura yake yi. Ma'aunin da ake bi a Amurka shi ne duk abin da zai shige gaba ɗaya cikin bututu mai faɗin kusan santimita 3 bai dace da ɗan ƙasa da shekara uku ba, kuma ni a ganina wanda ya cika ukun ma kada a ba shi sai kina zaune tare da shi.

Tunda ɗanki ya kai uku, ba na ganin dalilin sayen akwatin yanzu, domin ya kusa wuce shi. Ki ɗauki faifai biyu da abubuwa kamar goma masu bambanci bayyananne, misali cokula da safa, ki fara ajiye ɗaya a kowane faifai yana kallo, sannan ki miƙa masa saura. Idan ya saba, ki ƙara faifai na uku, amma sauya ƙa'ida a zama ɗaya kam ki jinkirta shi zuwa lokacin da ya haura shekara huɗu.