Special Elite ko Courier Prime: wanne ya dace da littafinka?

Malam, ka ce kana shirya littafi kan tarihin Tudun Wada, kana son ya yi kama da tsofaffin takardun tafireta irin na ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna, amma ka rasa wanda za ka ɗauka cikin fon biyun nan, wato salon haruffan kwamfuta. Duka kyauta ne a shafin intanet na Google Fonts, sai dai aikinsu daban.

Special Elite shi ne mai kamar tsufa. Gefen haruffansa a cinye yake, tawada ta yi yawa nan, ta gaza can, kamar ribon ɗin tawadar tafireta ya kusa ƙarewa. A bango, ko kan babi, ko fosta, daga girma 24 zuwa sama, yana da kyau ƙwarai. Da zarar ka sauko da shi 10 ko 11 don shafi cike, cinyewar ta koma datti, ramin "e" da "a" ya toshe, musamman a takarda mai shan tawada. Kauri ɗaya gare shi. In ka danna B, maɓallin ƙara kauri, manhaja ce ke kumbura shi da ƙarfi. Wani abin da ke tona asirinsa: tabon kowace "a" iri ɗaya ne, abin da tafireta ta gaske ba ta yi.

Courier Prime tsaf yake, ba tabo. An fito da shi a 2013 don masu rubuta labarin fim, yana da mai kauri da mai karkata, kuma kowane harafi faɗinsa ɗaya: a girma 12, haruffa 10 ne a inci. Hakan na cin takarda, don haka shafukanka za su ƙaru, kuɗin bugu ma haka.

Shawararmu: Special Elite a bango, Courier Prime a wasiƙu da takardun da ka ciro daga tarihi, sauran rubutun kuma fon na littafi da aka saba.

Kafin komai, rubuta "ɓarawo, ɗaki, ƙasa" a kowanne ka duba. Yawancin fon masu kamar tsufa ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro daga wani fon, ƙ ta fito sumul tsakiyar haruffa masu tabo. In haka ta faru, zana lanƙwasar da hannu a manhajar zane ta CorelDRAW, sannan ka danna Ctrl+Q ka mayar da rubutun zane kafin ka kai wa mai bugu.