Keken ƙafa ko indastiriyal: amsa ga ƙanwarmu mai jiran kwasar adashi

Ƙanwata, kin tambaya a zamanmu na Asabar cewa kwasar adashinki ta kusa, kuma kin rasa wanda za ki saya tsakanin baƙin keken ƙafa irin Butterfly da babban keken wuta da teloli ke kira indastiriyal. Kin ce a gida za ki riƙa ɗinki, kuma hannunki bai gama faɗawa ba. Hayaniyar yara ta hana mu ƙarasa maganar, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Ɗinkin da suke yi iri ɗaya ne: miƙaƙƙen layi, zaren sama ya sarƙe da na kwarkwaro. Babu wanda zai yi miki surfani, ko ramin maɓalli, ko ya kame bakin yadi. Kada ki ɗauka tsadar indastiriyal na nufin ya fi iya salo. Gudu da ƙarfi kawai ya fi.

Gudun kuwa ba kaɗan ba ne. Juki DDL-8700, wanda ake yawan gani a shagunan teloli, yana kai ɗinki 5,500 a minti guda, alhali keken ƙafa ɗaruruwa yake yi, gwargwadon ƙarfin ƙafarki. Da gwiwa ake ɗaga abin danne yadi, hannuwa biyu suna kan aiki, kuma yana da kaskon mai a ƙasa da ke shayar da shi da kansa. Mai ɗinka hijabai dozin-dozin tana kai wa 'yan kasuwa, ko zannuwan gado da labulen amare, ko yunifom ɗin makaranta, wannan ne kekenta. Wadda ta taka keken ƙafa a goman ƙarshe na azumi, ga zafin Kano ga kayan Sallah jibge, ta san abin da baya da gwiwa ke gani.

Amma gudun nan shi ne abin tsoro ga mai koyo. Kekunan da ke da tsohuwar mota, wato injin lantarkin da ke juya keken, wadda ke ta gurnani da zarar an kunna, taɓawa kaɗan sai su fizge yadin. Kafin ki ankara allura ta wuce inda kika yi alama a wuyan riga, kuma shadda ba ta ɓoye ramin allura in an farke. Keken ƙafa yana tafiya ne da numfashinki. Ki rage, ki tsaya, ki juya da hannu a lanƙwasar hammata. A nan ake koyon saita zare da jin muryar keke in wani abu ya kwance.

Sai maganar wuta, wadda a wurina ita ce ta raba gardama. Ranar da babu wuta indastiriyal tebur ne kawai, sai in kina da janareta, kuma kuɗin fetur daga ribarki zai fita. Sababbin da motarsu ke haɗe da kan keken, irin na kamfanin Jack da makamantansu, sun rage wannan matsala: ba sa jan wuta sosai sai lokacin da ake ɗinki, ana rage musu gudu da maɓalli, kuma sola mai ɗan ƙarfi tana ɗaukarsu. In dai indastiriyal za ki saya, irin wannan za ki nema. Shi kuwa Butterfly, hasken taga ya ishe shi. Akwai ma 'yar ƙaramar mota da ake ɗaura masa a gefe, in an kawo wuta ki huta, in an ɗauke ki mayar da bel ki ci gaba.

Gyara ma da sauƙi. Bel, kwarkwaro, allura, duk za ki samu a Sabon Gari, kuma kusan kowace unguwa akwai mai gyaransa. Ki dai lura allurarsu ba ɗaya ba ce: ta keken ƙafa gindinta da gefe guda a baje, ta indastiriyal zagayayye ne. Lamba 14 don atamfa, 16 don shadda mai kauri, 11 don mayafi marar nauyi. Yadin hijabi mai talewa kuma yana son allura mai dakusasshen baki, in ba haka ba kowanne daga cikinsu zai riƙa tsallake ɗinki.

Akwai abin da ya shafe mu a matsayin ƙungiya, kuma ba na raina shi. Kan Butterfly ana cire shi daga tebur a sa a adaidaita sahu. In ya rikice miki, ki kawo shi zaman Asabar, cikinmu babu wadda ba ta taɓa kwance irinsa ba. Indastiriyal in ya zauna a ɗaki ya zauna ke nan, sai dai mu mu zo gare ki.

Shawarata: ki sayi keken ƙafa da 'yar motarsa. Abin da ya rage ki sayi almakashi mai kyau da dutsen guga na gawayi, ki shiga Kantin Kwari ki samo yadi mai araha na gwaji. In aiki ya fara zuwa, keken wibin, wato mai kame bakin yadi, ya kamata ya zama na biyu, don mata cikin riga suke fara juyawa su duba. Indastiriyal sai ranar da kika fara mayar da masu kawo ɗinki saboda ƙafarki ta gaza.

Ranar saye ki tafi da ƙyallen shadda da na mayafi, ki ɗinka a gaban mai shago, ki juya ki duba bayan ɗinkin ko zare ya cukurkuɗe. In na hannu ne, kada ki biya sai mai gyara ya saurare shi. Ki sanar da ni ranar, in Allah ya yarda zan raka ki.