Wace ƙwallon kwando ta dace da mai koyon jifa a Bauchi?

Iyaye da yawa idan suka shiga kasuwar Wunti neman ƙwallon kwando, sunan kamfani suke fara tambaya, alhali girman ƙwallon da irin filin da za a buga ta su ne abin dubawa tun farko. Mai lamba 7 ta manyan maza ce, nauyinta wajen giram 600. Mai lamba 6 ita ake bugawa a gasar mata, kuma ta dace da matasa masu tasowa, mai lamba 5 kuwa ta 'yan firamare ce.

Zoben kwando yana sama da ƙasa da mita 3.05, saboda haka idan aka ɗora wa ɗan shekara 10 ƙwallon manya, dole ya riƙa tunkuɗa ta daga ƙirji da hannu biyu, gwiwar hannunsa ta baje waje, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari. A jifa mai kyau hannu ɗaya ne ke aiki, ɗayan tallafi kawai yake yi, ƙwallon ta bar kan yatsu tana juyawa baya, wuyan hannu ya lanƙwasa ya bi ta. Wanda bai ƙware a haka kusa da kwando ba, bai kamata ya yi gaggawar komawa layin maki uku ba, wanda a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, yake da nisan mita 6.75.

Ƙwallon fata zalla ta fi daɗin riƙo, amma don filin katako na cikin ɗaki aka yi ta, siminti kuwa cinye ta yake yi. Ta roba ta fi araha, tana jure siminti da ƙurar hunturu, sai dai idan ƙurajen jikinta suka suɗe takan yi santsi. Akwai ta fatar haɗi da ke tsakaninsu. A ganina, tunda yawancin filayen makarantunmu na siminti ne, ta roba mai kauri ta wadatar da mai koyo.

Ƙwallon kamfanin Molten ce ake bugawa a gasannin FIBA, kamfanin Wilson kuma ya karɓi samar da ƙwallon gasar NBA ta Amurka daga kamfanin Spalding a 2021, amma jabu ma na ɗauke da waɗannan sunaye. Kafin a biya, a saki ƙwallon daga daidai kai a ga ko za ta taso zuwa ƙugu, a mirgina ta a ƙasa don gano kumburi, sannan a shafa ruwa a bakin iskarta ko za ta yi kumfa. Kada a bar shagon sai an haɗa da famfo da allurarsa.