Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Jidda da Makka kan mai sayar da hannun jarin rijiyoyin mai

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, kunya tana hana ni rubuta ta, amma jiya na samu labarin cewa mutumin yana bin gidajen 'yan uwanmu a Makka da irin zancen da ya kawo mini, don haka shiru ya ƙare. Riyal 47,000 ya karɓa daga hannuna. Riyal 47,000, mafi yawansa gumina ne na shekara tara a shagon kayan gyaran mota a nan Jidda, wanda na tara domin in rufe ginin da na fara wa iyalina a Kano.

Har yanzu daren da ya fara kawo mini zancen yana dawo mini. Bayan sallar isha'i ne, a gidan wani dattijo da muke girmamawa, an kawo gahawa da dabino, sai mai sayar da hannun jarin ya matso kusa da ni ya ce, “Yaya, kai kaɗai nake so in fara gaya wa, domin na san ka san lissafi.” Ya ce kamfaninsu ya sayi tsofaffin rijiyoyi shida a jihar Teksas ta Amurka waɗanda mansu ya ja baya, kuma kuɗin farfaɗo da su kawai ake nema. Ya bayyana yadda ake ɗura ruwan asid ya cinye dutsen da ya toshe hanyar man, da yadda ake tura ruwa da yashi da ƙarfin gaske su tsattsaga dutsen, yashin ya tokare tsagar don kada ta koma ta rufe. Daga nan ya zaro 'yar kwalba daga aljihunsa, ya zuba mini yashi a tafin hannu, ya ce irinsa ake turawa. Na murza yashin nan da yatsuna, kuma a wannan lokacin ne na yarda da shi.

Kada wani ya ce kwaɗayi ne ya rufe mini ido, domin na yi tambayoyi. Na san cewa a ƙasar nan man fetur na hukuma ne, babu wani mutum da ke da rijiyar kansa, kuma da ya ce mini a filin mai na Gawar ko a filin gas na Jafura da ke nan Saudiyya rijiyar take, da a nan take na miƙe. Lokacin da Aramco, kamfanin man fetur na Saudiyya, ta sayar da hannun jarinta a Disamba 2019 kan riyal 32, ta banki na sayi ɗan abin da zan iya, da takarda a hannuna. A Amurka kuwa gaskiya ne mutane suna mallakar rijiyoyi, kuma aikin farfaɗowar da ya kwatanta aiki ne da ake yi da gaske. Da gaskiyar ya lulluɓe ƙaryarsa.

Na fara ba shi riyal 12,000 a watan Rajab, ko da yake ina jin an riga an shiga Sha'aban, domin bayan dawowata daga Madina ne. Wata biyu a jere ya turo mini riyal 900 da sunan riba, tare da bidiyon wata rijiya, ya ce ta tashi daga ganga 8 zuwa ganga 60 a rana. Kafin riba ta biyun ma ya riga ya kira ni cewa guraben rijiya ta gaba sun kusa cika, sai na ƙara 35,000, ciki har da 10,000 na mai ɗakina wanda ta samu daga sayar da turare. Yau wata biyar wayarsa a kashe.

Sai daga baya na kai takardun wurin ɗan wana, injiniya a Dammam. Ya ce mini, “Baba, wane ne zai lamunce maka riba tsayayya duk wata a kan rijiya?” Ya bayyana mini cewa adadin man da ake samu a kwanakin farko bayan fasa dutse yakan faɗi da sauri, wata rijiyar ma ruwa take ƙarawa maimakon mai, kuma kowace rijiya a Teksas tana da lambar rajista da ake dubawa a shafin hukumar mai ta jihar. Muka duba lambobin da ke takardata, ko ɗaya ba mu samu ba. Ashe riyal 1,800 ɗin da na yi ta murna da shi daga cikin kuɗina aka yanko mini.

Ban faɗi sunansa ba tukuna saboda na kai ƙara kuma magana tana hannun hukuma, amma hotunan hirarmu ta WhatsApp da rasitan tura kuɗin suna nan, zan sa su da zarar an ba ni dama. Duk wanda ya zo muku da hannun jarin rijiya, ku nemi lasisinsa daga hukumar kasuwar hannun jari ta Saudiyya, kuma kada ku tura kuɗi asusun mutum. Ni dai har yau ban iya gaya wa mai ɗakina cewa 10,000 ɗinta yana cikin 47,000 ɗin nan ba.