Tayoyin hunturu daban ko tayar duk-shekara: amsa ga mai babbar mota a ƙasar dusar ƙanƙara

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin biyun da ka kawo, wato ka ɗaura wa Mercedes E-Class ɗin taka mai ja da ƙafa huɗu tayar duk-shekara ka huta, ko ka sayi tayoyin hunturu huɗu da rim ɗinsu daban, ɗauki na biyu. Shi nake yi wa tawa, kuma shi zan gaya wa duk wanda ya tambaye ni.

Abin da ke ruɗar masu irin waɗannan motoci shi ne ja da ƙafa huɗun nan. 4Matic na Mercedes, xDrive na BMW, quattro na Audi, duk aikinsu ɗaya ne: su rarraba ƙarfin inji don motar ta tashi daga tsaye ba tare da taya ta yi ta wulwulawa wuri ɗaya ba. Babban aikinsu ke nan. Wajen tsayawa kuwa, kowace mota da ƙafa huɗu take kama birki, har wadda ba ta kai rubu'in darajar taka ba. Motarka da mutane a ciki ta doshi tan biyu, kuma duk nauyin nan yana kan wurare huɗu ne da kowannensu bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. In robar ba ta riƙe ƙasa ba, ABS, wato na'urar hana taya kullewa in an taka birki, da sauran na'urorin ba su da abin kamawa. Illar ma ita ce ƙafa huɗun yana ɓoye maka santsi. Mota ta tashi sumul, ka ɗauka hanya lafiya take, sai a bakin danja ko a kwana gaskiya ta fito.

Bambancin farko a cikin robar yake. Da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, robar taya ta gama-gari takan fara taurara, kuma roba mai tauri zamewa take yi a kan kwalta mai sanyi ko da babu dusar ƙanƙara ko ɗigo. Ta hunturu an haɗa ta ne don ta ci gaba da laushi a irin wannan sanyin. Ka danna ta da babban yatsa da asuba a tsakiyar hunturu, za ka ji tana lotsawa. Bambanci na biyu a zanen yake. Ka duba fuskarta da kyau za ka ga ƙananan tsage-tsage masu lanƙwasa, ɗaruruwa, a kan kowane haƙori. Su ne ke buɗewa idan nauyi ya hau, su ciji ƙanƙara, su tsotse ɗan ruwan da ke kwance a samanta, wanda shi ne ainihin abin da ke jawo santsi. Manyan ramukan kuma suna cika da dusa da gangan, domin dusa tana kama 'yar'uwarta fiye da yadda roba ke kama ta. Ranar da ka fara taka birki a gangare da irin wannan taya, ka ji motar ta zauna ta tsaya inda ka nufa ba tare da fedar ta yi ta kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka ba, ranar za ka daina ganin kuɗin a matsayin asara. Sitiyari yana amsa maka, bayan motar ba ya neman wuce gabanta, kai ma kafaɗarka ta sauka.

Tayoyin hunturun ma kashi biyu ne, kuma nan mutane ke yin kuskure. Akwai masu laushi sosai da aka yi don tsananin sanyi da hanyar da ƙanƙara ke kwana a kanta makonni, irin su Nokian Hakkapeliitta R, Michelin X-Ice da Continental VikingContact. Akwai kuma waɗanda aka yi don wurin da ake share hanya da wuri, yawancin tafiyarka a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ce da caɓin dusa, irin su Michelin Pilot Alpin, Continental WinterContact da Pirelli Sottozero. Na farkon sun fi riƙe ƙanƙara nesa ba kusa ba, amma a busasshiyar hanya sitiyari yakan ɗan yi lagwai-lagwai, kuma gudun da aka yarje musu ya fi ƙasa. Na biyun sun fi dacewa da halin babbar mota a babban titi. In inda kake sanyi yakan zauna ƙasa da digiri 10 a ƙarƙashin sifili kwana da kwanaki, ɗauki na farko. In sama da sifili da ƙasa da shi yake ta kai-komo, na biyu. Masu ƙusa a jiki ka bar su sai in hanyarka zallar ƙanƙara ce. Suna da ƙara, suna cin kwalta, wurare da dama ma an hana su.

Tayar duk-shekara fa? Za ta kai ka, in hunturun garinku ba mai tsanani ba ne kuma kana da damar zama gida ranar da aka yi dusa mai yawa. In ka nace sai ita, to aƙalla ka nemi mai tambarin dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki, kamar Michelin CrossClimate. Ba zan ƙara mata yabo a kan haka ba.

Wannan tambarin ka riƙe shi da kyau, domin shi kaɗai ne ke nuna an gwada tayar a kan dusa ta ci jarrabawa. Rubutun M+S kuwa, wato laka da dusa, da ake gani a gefen wasu tayoyi, siffar zane kawai yake nufi, babu wani gwajin sanyi a bayansa. Jamus ma tun watan Oktoba na 2024 ta daina karɓar M+S zalla a matsayin tayar hunturu, lardin Kebek na Kanada kuma ya wajabta tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ka duba dokar inda kake da kuma sharaɗin inshorarka.

Yanzu batun rim daban, wanda a ganina shi ne rabin amfanin. Cire taya daga rim da mayar da wata sau biyu a shekara yana wahalar da bakin tayar, kuma kowane cirewa dama ce ta a karce maka rim ko a karya na'urar auna iska. Sannan rim ɗin da waɗannan motoci ke zuwa da shi, mai fuska gogaggiya mai sheƙi, gishirin hanya ne babban maƙiyinsa. Da tsakuwa ta ɗan fasa fentin saman, ruwan gishiri ya shiga ƙarƙashi, sai ka ga farin tabo yana yaɗuwa kamar saƙar gizo, kuma ba ya goguwa. Na hunturu ka sayi mai fenti zalla, mai sauƙin wanki.

Ka rage girma. In motar tana kan inci 19, gaba 245/40 baya 275/35 (lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta a kashi cikin ɗari na faɗin), ka koma inci 18 da 245/45 a ƙafa huɗun duka. Tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan bai canja ba, saboda haka ma'aunin gudu ba zai yi ƙarya ba, amma gefen tayar ya tashi daga wajen milimita 98 zuwa 110. Wannan ƙarin shi ke shanye bugun ramukan da sanyi ke fasawa a titi, maimakon rim ya lanƙwashe. Taya mai faɗi sosai kuma hawa saman dusa take yi, siririya ke nutsewa ta sami ƙasa. Da yake girmansu ɗaya ne, kana iya sauya gaba da baya kowace shekara don su ci daidai. Sharaɗi guda: a gwada rim ɗin a ƙafar gaba kafin a ɗaura taya, a tabbata bai taɓa kalifar birki ba. Masu manyan birki irin na AMG na Mercedes ko M na BMW sau da yawa ba sa karɓar ƙaramin rim. Girman da kamfani ya yarda da su suna cikin littafin motar, ko a takardar da ke jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai.

Ramukan noti a Mercedes da Audi da sababbin BMW 5x112 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112, tsofaffin BMW kuwa 5x120. Amma dacewar ramuka ba ta wadatar ba. Ƙasan kan notin Mercedes da Audi zagaye yake kamar ƙwallo, na BMW da na yawancin rim ɗin kasuwa kuwa tsukakke ne kamar mazurari. Ka sa notin ƙwallo a ramin mazurari, zai yi kamar ya ɗauru, alhali a ɗan siririn layi kawai ya zauna, kuma a hankali zai kwance. Kowane rim da nasa noti, da tsayin da ya dace. Ramin tsakiya ma dole ya zauna cif a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaura ƙafar a jikinsa, in ya fi faɗi a sa zobe, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a babban gudu ko da an yi balansin sau uku. A ɗaure noti da sifana mai awo, ba da bindigar iska ba; waɗannan motoci tsakanin Nm 120 zuwa 150 suke, ainihin lambar tana littafi. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bi. In motarka tana da na'urar auna iska a cikin kowace ƙafa, sabon saitin ma sai an sa masa nasa huɗu, in ba haka ba fitilar gargaɗi za ta zauna maka a dashbod har bazara.

Kada ka sa biyu ka bar biyu. Na hunturu a baya kawai, gaba ya ƙi shan kwana. A gaba kawai, baya ya juyo. A mota mai ƙafa huɗu kuma bambancin tsayin taya yana sa akwatin da ke raba ƙarfi aiki ba hutu, gyaransa kuwa ya fi tayoyin tsada. Lambar ɗaukar nauyi kada ta gaza ta asali, in ta asali tana da XL, alamar ɗaukar ƙarin nauyi, wannan ma ta kasance da shi. Harafin da ke nuna iyakar gudun taya yana iya sauka: T kilomita 190 ne a awa, H 210, V 240.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka game da masu sayarwa, musamman na hannu, don da sanyi ya kawo jiki suke fitowa. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 3521 na nufin mako na 35 a 2021. Ka karanta na huɗun da idonka, kada ka yarda da hoton guda ɗaya. Tayar hunturu da ta haura shekara shida robarta ta fara bushewa ko da zanenta na nan cike, laushin nan kuwa shi ka je saye. Sabuwa takan zo da zurfin zane wajen milimita 8, kuma da ya sauka zuwa 4 aikinta a dusa ya ƙare, duk da cewa doka a wurare da yawa sai 1.6 take hanawa. Marasa tsoron Allah a wannan tazarar suke cin kasuwa: su ce maka "saura rabi", alhali saura milimita ɗaya ta amfani. Tafi da ma'aunin zurfi, ka auna ciki da tsakiya da waje. Wasu suna shafe taya da man sheƙi don ɓoye tsattsagewar gefe, wasu su nuna maka M+S su rantse ta hunturu ce. Rim kuma ka juya bayansa ka nemi alamar walda, ka sa a juya shi a injin balansin a gabanka. Wanda ya ce an haɗa da na'urorin iska, a karanta su da kwamfuta kafin ka biya, don batirinsu a rufe yake, in ya mutu sai dai sabuwa. Duk wanda ya hana ka dubawa, bar masa kayansa.

Ka ɗaura su da zarar sanyin safiya ya fara zama ƙasa da digiri 7, kada ka jira dusar farko, ranar layi ba ya ƙarewa. Kilomita ɗari biyu ko uku na farko ka bi a hankali, sabuwar taya tana da ɗan santsin masana'anta. Iska tana raguwa kusan bar 0.1 a duk saukar digiri 10, don haka in a gareji mai ɗumi ka auna, ka ƙara kamar 0.2 a kan abin da aka rubuta, ka kuma duba kowane wata. Masu kibiya a gefe a ɗaura su kibiyar na kallon gaba.

Saitin da ka cire ka wanke shi, ya bushe, ka rubuta wa kowace ƙafa wurinta da alli, ka jera su kwance ɗaya kan ɗaya a wuri mai sanyi da duhu, nesa da tukunyar ɗumama gida da injin lantarki. Yayin da ɗaya ke aiki ɗayan yana hutawa, saboda haka kowane saiti zai daɗe, ba wai kana cin taya ninki biyu ba ne.

Tunda ƙafafun za su fita sau biyu a shekara, ka ci moriyar lokacin. A goge tsatsar fuskar hob da burushin ƙarfe, a duba bututun birki da robobin ƙafa, in motar mai shokar iska ce a duba jakunkunan ko sun fara tsagewa, don sanyi ne ke fara tona ƙaramin yoyo, ka wayi gari gefe ɗaya ya durƙusa. Cikin hunturu kuma a riƙa wanke ƙarƙashin motar da cikin mazaunin ƙafa duk mako biyu, a ranar da sanyi ya ɗan sassauta. Bayan wanki ka yi 'yar tafiya kana taɓa birki a hankali ya bushe kafin ka ajiye ta, don kada ya kwana da ruwa ya manne da farantin birki.