Katin Paris Museum Pass: inda yake biyan kuɗinsa da inda yake zama asara

Paris Museum Pass kati ne guda da ake saye don shiga gidajen tarihi da tsoffin gine-gine sama da 50 a birnin Paris da kewayensa, ba tare da yankar tikiti a kowace ƙofa ba. Iri uku ne: na awa 48, na awa 96 da na awa 144. Hukuncina bayan amfani da shi shi ne, katin yana da kyau ƙwarai ga wanda ya tsara ranakunsa tun kafin ya bar masauki, amma wanda zai fito ya bi inda ƙafa ta kai shi, gara ya riƙe kuɗinsa.

Agogon katin yana fara gudu ne daga lokacin da aka duba shi a ƙofar farko, kuma ba ya tsayawa, ko kana barci ko ana ruwa. Wannan yana da amfani idan an gane shi. In ka fara da ƙarfe 2 na ranar Laraba, katin awa 48 zai kai ka ƙarfe 2 na ranar Juma'a, ka ga ka taɓa ranaku uku da kuɗin biyu. Kowane wuri kuma sau ɗaya ake shiga, in ka fita cin abinci ba komawa.

Babban abin da ke cinye wa mutane katin shi ne ranakun hutu. Louvre, babban gidan tarihin Paris, a rufe take ranar Talata. Gidan tarihin Orsay, gidan tarihin mai sassaƙa Rodin da fadar Versailles a rufe suke ranar Litinin. Wanda ya fara katin kwana biyu da safiyar Litinin ya zaɓi ranaku mafi muni a mako. Na biyu, kati ba gurbi ba ne. Louvre, Versailles da cocin Sainte-Chapelle suna so a kama lokacin shiga ta intanet tun da wuri, kyauta ne ga mai kati, amma a lokacin bazara guraben safe kan ƙare kwanaki kafin ranar. A fara kama guraben, sannan a gina sauran tafiyar a kansu. Na uku, katin yana raba ka da layin sayen tikiti ne kawai, layin binciken jaka kowa sai ya bi. A Sainte-Chapelle wannan layin ya fi tsanani, domin cocin yana cikin harabar kotuna ne. Ko ƙaramar wuƙar yanka lemo aka gani a jaka, ta jawo tsaiko.

Wurin da na fi ganin darajar katin shi ne Arc de Triomphe, babbar ƙofar tunawa da sojojin Faransa. Napoleon ne ya ba da umarnin gina ta a 1806, aka kammala a 1836, tsayinta kimanin mita 50. Tana tsakiyar shataletalen da manyan tituna 12 suka haɗu, kuma kada wanda ya yi gigin tsallaka titin da ƙafa. Akwai hanya ta ƙarƙashin ƙasa daga bakin Champs-Élysées, kusa da tashar Charles de Gaulle–Étoile. Matakala 284 ne zuwa sama, masu murɗewa kuma matsattsu, don haka mai ciwon gwiwa ko tsoho ya nemi ma'aikata su nuna masa lifta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne gab da ƙarfe 6:30 na yamma, lokacin da ake sake hura wutar da ke kan kabarin sojan da ba a san sunansa ba, al'adar da ake yi kullum tun 1923. Ka kalli wannan a ƙasa, sannan ka hau ka ga gari yana kunna fitilu. Tana buɗe har bayan ƙarfe 10 na dare, ga shi an ci moriyar awannin da sauran wurare suka rufe.

Invalides, gidan tarihin soja, da gidan Rodin maƙwabta ne, tafiyar 'yan mintuna, don haka a haɗa su safiya ɗaya. A Invalides kabarin Napoleon yake, ƙarƙashin ƙubba mai ruwan zinariya. A 1840 aka dawo da gawarsa daga tsibirin Saint Helena. A lambun Rodin kuma akwai sanannen mutum-mutumin tagulla na mai zurfin tunani, zaune ya yi tagumi. Abin da ya kamata mai tafiya da iyali ya sani: yawancin mutum-mutumin da ke nan da na sashen Girka da Rum a Louvre tsirara aka sassaƙa su. Wanda hakan bai kwanta masa ba, a Louvre ɗin akwai sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, da dutsen dokokin Hammurabi, sarkin Babila, da kayan Misira, waɗanda su kaɗai sun isa cika awa uku. Louvre ba ta karɓar jakar da ta wuce santimita 55 da 35 da 20, saboda haka kada a zo da akwatin tafiya. Laraba da Juma'a tana kaiwa ƙarfe 9 na dare, kuma da yamma cunkoso ya fi sauƙi.

Panthéon, makwancin manyan mutanen Faransa, ita ma tana cikin katin, kuma mutane da yawa kan leƙa sama su fita ba su sauka ƙasa inda kaburbura suke ba. A can aka binne masaniyar kimiyya Marie Curie, kuma a can Félix Éboué yake, gwamnan Chadi da ya mara wa Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, baya a 1940, aka kai gawarsa wurin a 1949. Daga nan tafiyar kamar minti goma sha biyar ce zuwa Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926 don tunawa da Musulmin da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hasumiyarsa mita 33 ce. Masallacin ba ya cikin katin, amma shi ne wurin da ya fi sauƙin yin alwala da sallar azahar a wannan yankin, don haka a sa Panthéon kafin azahar.

Abin da katin bai ƙunsa ba yana da yawa, kuma nan ne wasu ke jin an yaudare su alhali a rubuce yake. Hasumiyar Eiffel ba ta ciki. Kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas ba su ciki. A Versailles, ranakun da ake kunna maɓuɓɓugan ruwa da kiɗa sai an biya kuɗin lambu daban, kuma zuwa can ta jirgin RER C da dawowa yana cin yini guda, don haka ban ga hikimar sa ta a katin awa 48 ba.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar kati sam. Dogon dutsen Luxor da ke dandalin Concorde, mai mita 23, wanda Muhammad Ali, mai mulkin Masar, ya bai wa Faransa aka kafa shi a 1836, a fili yake. Shiga cocin Notre-Dame, da aka sake buɗewa a Disamban 2024 bayan gobarar 2019, kyauta ne. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya a gidajen tarihin gwamnati ko daga wace ƙasa suka zo, saboda haka kada a saya musu kati, a dai riƙe fasfonsu, a kuma kama musu gurbi tare da na manya.

Kafin a biya, a rubuta wuraren da ake son shiga da kuɗin tikitin kowanne, a tara, a gwada da farashin katin na ranar. Wuri biyu zuwa uku a yini shi ne abin da ƙafa ke iya ɗauka. Na awa 96 da aka fara ranar Laraba shi ne ya fi ba da sarari, domin yana kauce wa Litinin da Talata gaba ɗaya.